Shi "farfesa", ita "airhead": mu san nauyin Turancin da muke jifa da shi

Duk mai yawo a X ko TikTok ko Facebook ya san yadda abin yake tafiya. Yarinya ta saki bidiyo tana magana da sauri tana dariya, ko ta rikita sunan wani minista, ko ta ɗauko zance ta ɓige da wani daban. Kafin ka ƙifta ido wurin sharhi ya cika da "airhead", "bimbo", "so dumb". Masu rubuta wannan kuma ba daga Landan suke ba. 'Yan'uwanmu ne na Kano da Zariya da Jos da Sakkwato, waɗanda da yawansu ba za su iya tsayawa gaban jama'a su ce wa 'yar mutane sakarya ba. Turancin ne ke ba su ƙarfin hali, domin zagi da harshen wani ba ya nauyi a bakin mai yin sa, har ma gani yake ya ƙara masa aji.

Amma fa a kunnen wanda aka zaga nauyin yana nan. Shi ya sa filin namu na wannan makon zai tsaya a kan kalmomin da Turawa ke siffanta mai shiririta da rawar kai da yawan mantuwa da su. Suna da yawa, kuma ba matsayinsu ɗaya ba. Wasu tsokana ce irin ta abokai, wasu kuwa hukunci ne a kan ƙwaƙwalwar mutum gaba ɗaya. Abin da ya fi damun mu shi ne, in ka jera su ka duba da kyau, za ka tarar masu zafin cikinsu yawanci mata ake jifa da su. Idan ka aro kalma ba ka bincika ba, har da wannan son kan kake ɗaukowa.

Mu fara da masu sauƙin. "Scatterbrained" shi ne wanda hankalinsa yake a warwatse, wanda aka aika sayen kati ya dawo da burodi, ko yake neman wayarsa alhali tana hannunsa. Tun ƙarni na 18 Turawa ke amfani da ita, kuma mafi kusa da ita a wurinmu shi ne mai shiririta. "Absent-minded" kuwa shi ne wanda jikinsa yake tare da ku amma tunaninsa ya yi nisa, sai ka kira sunansa sau uku kafin ya ce na'am. "Forgetful" shi ne mantau kawai. Waɗannan ukun ɗabi'a suke bayyanawa, ba su taɓa basirar mutum. Bature zai iya faɗin su a kan kansa a gaban shugabansa a ofis, a yi dariya a wuce.

Sai na tsakiya. "Flighty" mai rawar kai ne da ba ya tsayawa kan abu ɗaya, yau yana koyon ɗinki, gobe ya koma sayar da turare, jibi ya ce kirifto zai shiga. "Flaky" shi ne wanda ba a riƙe alkawarinsa, mai ce maka "ga ni nan a hanya" alhali ko wanka bai shiga ba. "Giddy" wanda murna ta ɗebe har yana rawar jiki. "Goofy" mai shirmen ban dariya da ba ya cutar da kowa. "Silly" ƙaramar wauta ce, irin wadda uwa ke faɗa wa ɗanta tana murmushi. Akwai kuma "space cadet", wanda ake nufin kamar hankalinsa ya bar duniyar nan ya tafi sararin samaniya. Waɗannan sun dogara ne da wanda ya faɗa da kuma yadda ya faɗa. Daga bakin aminiyarki wasa ne, daga bakin baƙo kuwa raini ne.

Na ƙarshen su ne ba wasa a cikinsu. "Airhead" na nufin kan mutum iska ce zalla, ba komai a ciki. A Amurka ta yaɗu cikin shekarun 1970, kusan lokaci ɗaya da "ditzy", wadda ake faɗa wa mace mai yawan dariya da rikicewa da ake ganin ba ta gane komai. "Birdbrain" mai ƙwaƙwalwar tsuntsu, kamar yadda wasunmu ke cewa mai ƙwaƙwalwar kifi. "Bimbo" ta fi su duka muni, don ma'anarta kyakkyawar mace da ba ta da komai sai jiki, kuma sau da yawa akwai zargin lalata a ƙarƙashinta. Ɗan'uwa, in ka rubuta wa 'yar wani wannan kalma, ka sani ka haɗa mata zagi biyu a numfashi ɗaya, har da wanda da a unguwarku ne sai an kai ka gaban mai unguwa.

Ita ma "dumb" da muke watsawa kamar gyaɗa, ma'anarta ta asali bebe, wanda ba ya iya magana. Daga baya ne ta ɗauki ma'anar daƙiƙi, kuma ana danganta yaɗuwar wannan ma'ana a Amurka da Jamusawa 'yan ci-rani, waɗanda a harshensu "dumm" ke nufin wawa. Ka ga ke nan duk lokacin da ka faɗe ta kana tsaye ne a kan tsohon zaton cewa wanda ba ya magana ba ya tunani. "Moron" kuma wani masanin halayyar ɗan'adam ne a Amurka, Henry Goddard, ya ƙirƙiro ta a 1910 don rarraba masu larurar ƙwaƙwalwa aji-aji. Daga takardun asibiti ta fito ta zama ashar ɗin titi.

Tarihin waɗannan kalmomi kansa abin dubawa ne, domin yana nuna maka cewa abin da al'umma ke kira wauta ba a tsaye yake ba. Ɗauki "silly". A tsohon Turanci, kusan shekara dubu da suka wuce, tushenta na nufin mai albarka, mai farin ciki. Har yau 'yar'uwarta a Jamusanci, "selig", tana riƙe da wannan ma'ana. A hankali ta koma nufin mara laifi, daga nan abin tausayi, daga nan mai rauni, sai a ƙarni na 16 ta zauna a kan wawa. Wato mutumin kirki da ba ya da mugunta ne aka yi ta rage wa daraja har ya zama abin dariya. Mu ma ai mun san wannan hanya. Sau nawa ka ji an ce wa mai haƙuri da yarda da mutane "kai dai soko ne"?

"Giddy" tana da nata labarin da zai yi wa Bahaushe kama da na gida. Tushenta ɗaya da kalmar "god", kuma ma'anarta ta farko ita ce wanda wani abin bauta ko iska ya hau kansa. Turawan da can, kamar kakanninmu, in sun ga wanda kansa ba ya tsayawa sai su ce shafar iska ce. Ita kuwa "nice", wadda kake jin daɗi in an faɗa maka, hanyar ta bi a juye. Daga Latin ta fito, inda take nufin wanda bai sani ba, kuma a Turancin ƙarni na 14 in an ce maka "nice" to an kira ka wawa ne.

Wajen dabbobi ma Bature ya yi kuskuren zaɓe. Tun ƙarni na 16 yake cewa "harebrained", wato mai ƙwaƙwalwar zomo, ga wanda ya ɗauko shawara ta garaje. Ya ga zomo yana tsalle-tsalle a daji ya yanke masa hukuncin wauta. Duk wanda ya tashi yana jin tatsuniya a gindin kakarsa kuwa ya san zomo ɗan wayo ne, kura ce ake yi wa wayo kullum. Dabba ɗaya, ɗabi'a ɗaya, mutane biyu sun kalla, ɗaya ya ga shashasha ɗaya ya ga mai dabara. Tsuntsun ma da ake raina wa ƙwaƙwalwa, masu bincike sun wanke shi. Hankakin tsibirin Sabuwar Kaledoniya yana gyara tsinke ya mai da shi ƙugiya ya zaƙulo tsutsa daga cikin itace. Wani aku ɗan asalin Afirka mai suna Alex, wanda masaniya Irene Pepperberg ta yi nazari a kansa daga 1977 har ya mutu a 2007, ya san kalmomi sama da 100, yana bambance launuka da siffofi, yana kuma ƙirga abubuwa kaɗan. Yawan motsi da yawan surutu ba su taɓa zama shaidar rashin basira ba.

Yanzu mu zo inda gizo yake saƙa. Turanci yana da laƙabi na musamman ga namijin da ke mantuwa, shi ne "absent-minded professor", farfesan da tunani ya yi wa yawa har ya manta inda ya ajiye tabarau. Kamfanin Disney ma ya yi fim da wannan suna a 1961. Ka lura, wannan laƙabin yabo ne a ɓoye. Ana cewa ne ƙwaƙwalwarsa ta cika da manyan abubuwa, shi ya sa ƙanana suke zubewa. To ita macen da ta manta tabaranta fa? Ita "ditzy" ce ko "airhead", tata ƙwaƙwalwar wai babu komai a ciki ne shi ya sa. Mantuwar iri ɗaya ce, fassarar ce ta bambanta.

"Bimbo" ta fi kowace nuna wannan karkata. Daga Italiyanci ta fito, inda take nufin jariri namiji, kuma da ta shiga Turancin Amurka wajen 1920 maza ake faɗa wa, irin ƙaton da ke da ƙarfi ba dabara. Sannu a hankali ta sauka daga kan maza ta koma kan mata ta zauna daram. Ta zauna har ta kai a 1988 da aka so a faɗi haka a kan namiji sai da aka ƙera wata sabuwa, "himbo". In har sai an yi wa zagi kwaskwarima kafin ya hau kan namiji, ai ka san wa aka ɗinka wa rigar.

Akwai kuma tsohuwar kalmar nan mai wahalar faɗa, "flibbertigibbet", wadda tun ƙarni na 15 take nufin mai surutun banza da rawar kai, kuma sautin surutun ne ma aka kwaikwaya aka gina ta. Shakespeare ya sa ta a matsayin sunan wani shaiɗani a wasansa na King Lear. Yau wanda ya san ta yawanci daga fim ɗin The Sound of Music na 1965 ya ji ta, inda aka siffanta jarumar fim ɗin, Maria, da ita. Masana'antar fim ta Amurka ta daɗe tana cin kasuwa da hoton kyakkyawar mace mara tunani. Da shi aka tallata Marilyn Monroe a Gentlemen Prefer Blondes na 1953. Kusan shekara hamsin bayan nan, a 2001, Legally Blonde ya samu karɓuwa ne saboda ya juya hoton, ya nuna yarinyar da kowa ya raina ta shiga sashen shari'a na jami'ar Harvard ta kuma yi fice.

In kana son ganin asarar da wannan raini ke jawowa, dubi Hedy Lamarr, 'yar fim 'yar asalin Ostiriya da aka yi ta tallatawa da kyawunta kawai. A 1942 ita da mawaƙi George Antheil suka samu rajistar wata ƙirƙira ta yadda saƙon rediyo zai riƙa tsallakawa daga zango zuwa zango don kada abokan gaba su toshe shi. Rundunar sojan ruwan Amurka ba ta yi amfani da ita ba a lokacin yaƙin. Irin wannan dabara ce Bluetooth ɗin da ke wayarka yake aiki da ita yau. Lamarr ta rasu a 2000, kuma sai a 2014 aka sa sunanta a zauren girmama masu ƙirƙira na Amurka.

Kada wani ya ce ai wannan matsalar Turawa ce. Mu ma namu kwandon a karkace yake. Saurayi in yana da rawar kai sai a ce ƙuruciya ce, zai daina in ya yi aure. Budurwa in ta yi rabin abin da ya yi, ta zama ballagaza, mara kamun kai, har a fara tambayar wa zai aure ta. Muna da wawa da gaɓo da dolo da sususu da shashasha, mun ishi kanmu. Da muka ƙaro na Turanci a kai, sai ya zamana 'yar Arewa da ta fito ta yi magana a intanet tana shan duka ta fuska biyu. Ku duba cikin ƙawayenku da ƙannenku, nawa ne suka rufe shafinsu, ko suka koma karatu kawai ba sa cewa komai? Muna kukan cewa muryar matan Arewa ta yi ƙaranci a muhawarar ilimi da lafiya da siyasa, alhali wadda ta daure ta fito, kuskuren farko da ta yi muke bin ta da duwatsu.

Wani abin da ya kamata mu sa a rai shi ne, abin da muke wa dariya wani lokaci larura ce. Akwai matsalar da likitoci ke kira ADHD, wadda ke hana mutum tattara hankali wuri ɗaya ko zama a natse. Ba sabon abu ba ne, tun 1902 wani likitan yara a Landan, George Still, ya yi bayanin yara masu irin waɗannan alamu. An kiyasta tana shafar kimanin kashi 5 cikin 100 na yara, kuma da yawa suna girma da ita. Yaro namiji mai ita yakan fito fili da tsalle-tsalle da ƙiriniya, sai a lura da wuri. Yarinya kuwa sau da yawa tata a ɓoye take, mantuwa ce da tafiyar tunani da kasa gama abin da ta fara, don haka akan daɗe ba a gano ba. Maimakon a kai ta ga likita, sai a laƙaba mata suna a gida, a ƙara mata wani a makaranta, mu kuma mu cike mata da na Turanci. Ba cewa muke duk mai shiririta yana da wannan larura ba, kuma bidiyon TikTok ba ya tabbatar wa mutum yana da ita, aikin likita ne. Rashin barci, damuwa, yunwa da ƙarancin jini duk suna iya warwatsa hankalin mai hankali.

Ita hukuma ma ta fara gyara bakinta. Dokar da Najeriya ta daɗe tana aiki da ita kan masu larurar ƙwaƙwalwa ita ce ta 1958, wadda a sunanta ma mahaukata ta kira su. A Janairun 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbinta. Idan gwamnati da ake cewa ba ta sauri ta iya sauya kalma, mu matasa da ke sauya salon magana duk wata ba mu da uzuri.

Kuma tsakaninmu da Allah, wa ya isa ya yi wa wani gorin warwatsewar hankali a wannan zamani? Kai da ka buɗe waya don duba jadawalin jarrabawa, bayan awa biyu ka tsinci kanka kana kallon faɗan wasu ma'aurata da ba ka sani ba? Ba banza ba masu ƙamus na Oxford suka zaɓi "brain rot", wato ruɓewar ƙwaƙwalwa saboda yawan kallon tarkacen intanet, a matsayin kalmar shekarar 2024. Manhajojin nan an gina su ne don su riƙe idonka, kuma dukanmu suna cin mu. Wanda ke rubuta "airhead" da ƙarfe biyun dare bayan ya kalli bidiyo ɗari, to ya fara taɓa nasa kan ya ji.

Mun san abin da wasu za su ce: ai wasa ne, kun cika ɗaukar abu da zafi. Gaskiya ne Bahaushe ba ya rayuwa ba barkwanci. Muna da wasan taubasai, da na jika da kaka, da na Kanawa da Zagezagi, da na Fulani da Barebari, kuma a ciki ana faɗin abin da ya fi "silly" zafi. Har wautar ɗan fari muna tsokana. Sai dai wannan wasa yana da ƙa'ida. Su biyun sun san juna, kowa yana da damar ramawa, kuma in an tashi ana gaisawa. A wurin sharhi babu ko ɗaya daga ciki. Mutum ɗari biyar da ba su san ta ba sun taru a kan yarinya ɗaya, abin da suka rubuta kuma yana nan, mai neman aurenta zai gani, mai ɗaukar ta aiki zai gani. Wasan da ɓangare ɗaya ne kawai ke dariya sunansa cin mutunci. Mu da muke Musulmi kuma mun san aya ta 11 a Suratul Hujurat ta hana izgili da jifan juna da miyagun laƙabi, kuma ba ta ware wanda aka yi da Turanci ba.

Wannan ba ya nufin a daina gyara wa mutane kuskure. Wanda ya yaɗa ƙarya ko ya faɗi shirme a kan lafiya ko addini ko zaɓe, mace ko namiji, a gaya masa ya yi kuskure, a kawo hujja. Turancin ma ya ba ka hanya. Kana iya cewa maganar ce "silly", ko shawarar ce "harebrained", ka bar mai maganar da mutuncinsa. Wanda aka ce maganarsa ba daidai ba ce yana iya dawowa ya gyara gobe. Wanda aka ce kansa iska ce, me ka bar masa ya gyara?

Don haka ga roƙonmu gare ku. Ku koyi kalmomin nan duka, don za ku gamu da su a fim da littafi da jarrabawa, kuma sanin bambancin "absent-minded" da "airhead" yana cikin abin da ke nuna mutum ya iya Turanci da gaske. Amma kafin ka tura wa wani ɗaya daga ciki, ka mayar da ita Hausa a zuciyarka tukuna, ka ji ko za ka iya faɗa masa ido da ido a gaban mahaifiyarsa. Sannan ka tambayi kanka, da abokinka namiji ne ya yi wannan kuskuren, wace kalma za ka zaɓa masa? In amsar ta bambanta, to ka ba ta irin wadda za ka ba shi. Ke kuma 'yar'uwa da aka taɓa jifa da irin waɗannan, kada ki rufe shafinki saboda su. In kin yi kuskure ki gyara, ki ci gaba da magana, akwai masu sauraron ki.